Ba a Yi wa Mai Jifa Magana

Gonar Petsch, Tolley, Kansas
17 ga Maris, 1974

Ƙanena Del,

Gaisuwa daga ni da mijina Harlan da shanunmu arba'in da biyu, waɗanda kowace a cikinsu ta fi ka iya rubuta wasiƙa. Da fatan kana lafiya, gwiwar nan taka kuma ta daina kumburi. Mu nan lafiya lau, sai dai Harlan da ke haki idan ya hau tsanin rumbu. Na ce ya je ya ga likita, ya ce wai shi ma ya ga likitan yana haki. Ka dai san halinsa.

Tun Kirsimeti rabona da Lonnie. Ɗa ɗaya tak Allah ya ba ni, ka zo har ɗakin girkina ka cinye mini rabin kek ɗin tuffa, ka yi ta zuba cewa hannun hagun yaron nan ba na tatsar saniya ba ne, na jifan ƙwallon besbol ne, ka ɗauke shi ka kai kwalejinku. To, amana na ba ka. Yana cin abinci? Yana buɗe littafi, ko jifa ne safe da yamma? Wasiƙarsa ta ƙarshe layi huɗu ce, uku a kan ƙwallo, kuma duk "Koci ya ce, Koci ya ce". Na tambayi Harlan, wane ne kuma Koci? Ba Del ba ne, wanda na yi wa wanka har ya shekara shida?

Ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Harlan bai taɓa ganin ɗansa yana jifa da rigar kwaleji ba. Ba zai faɗa ba, amma abin yana cin sa. Ka gaya mana ranar da za mu zo, in nemi wanda zai duba mana shanu.

Yayarka,
Verna

Kwalejin Brennick
2 ga Afrilu, 1974

Yaya Verna,

Na samu wasiƙarki, na gode. Ki gaishe mini da Harlan da shanun da suka fi ni ilimi. Gwiwa da sauƙi. Ki ci gaba da matsa masa a kan maganar likita.

Lonnie yana ci kamar mutum biyu, karatu kuma yana taɓawa. Jifa kuwa, shekara goma sha shida ina horar da yara a nan ban ga irin hannunsa ba. Ba na faɗa a gabansa. A fili ni ba kawunsa ba ne, shi ya sa kike jin Koci.

Ku zo ranar Asabar 18 ga Mayu, shi ne wasanmu na ƙarshe a gida, kuma shi zan sa ya yi jifa. Amma ki ja wa Harlan kunne tun daga gida. Kin san dokar da Baba ya koya mana a bayan rumbu: idan mai jifa yana cikin sa'a, wasa ya yi nisa ba ɗan adawa ko ɗaya da ya samu nasarar buga ƙwallon da ya jefa, to ba a ambaton abin, ba a yi masa magana, ba a ko zama kusa da shi. Idan ya dawo benci sai kowa ya matsa ya bar masa ƙarshen bencin shi kaɗai. Na san za ki ce camfin banza ne na ƙarti masu tauna taba. Watakila. Amma bara wani ɗan aji ɗaya ya buɗe baki ya ce wa mai jifanmu, "Kai, ka san har yanzu ba su taɓa ka ba?" Jifa na gaba aka aika ƙwallon bayan shinge. Sati guda ba wanda ya ci abinci teburi ɗaya da yaron.

Ba na cewa hakan za ta faru ranar. Ni kaina ban taɓa ganin an kai irin wannan wasa ƙarshe a ƙungiyata ba. Amma da hannun Lonnie komai na iya faruwa, Harlan kuma murya gare shi.

Ƙanenki,
Del

Kwalejin Brennick
20 ga Mayu, 1974

Yaya Verna,

Ina gaishe ki, ina ƙara yi miki gaisuwar rashin Harlan. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri ke da Lonnie. Ina fata kina ɗan cin wani abu. Ni na dawo lafiya.

A harabar majami'a bayan jana'iza kin riƙe mini hannu kin tambaye ni me ya sa muka makara, mutane suka taso, ban ba ki amsa ba. Ranar Asabar ɗin nan, 11 ga wata, Lonnie ne ke jifa. Ya yi abin da na gaya miki ban taɓa gani ba: duk zagaye taran wasan cur, ba wanda ya samu nasarar buga jifansa. Saƙonki bai isa gare shi ba sai da aka tashi wasa, wajen uku da minti biyar. Nan take na sa shi a a-kori-kurata da kayan wasan a jikinsa, muka kama hanya. Kin san tafiyar awa uku ce. Ban tsaya ko shan mai ba.

Ƙwallon ƙarshe da ya jefa yana wurina. Yaran sun rubuta kwanan wata a jiki, duk sun sa hannu. Nasa ne, duk ranar da ya so. Ki ce masa kada ya damu da jarrabawa, na yi magana da malamansa.

Ƙanenki,
Del

Tolley
3 ga Yuni, 1974

Del,

Na samu wasiƙarka. Muna nan, kamar yadda Allah ya bar mu. Maƙwabta sun yanke mana ciyawa. Lonnie ne ke tatsa yanzu, ba ya magana sai an tambaye shi.

Ka ce saƙona bai isa ba sai uku da minti biyar. To bari in gaya maka lokacin da ya tashi. Ƙarfe biyu da minti goma na buga waya ofishin wasanninku daga asibiti, agogon bango yana gabana, ba zan manta ba har in mutu. Wata mata ta ɗauka, ta ce sunanta Misis Oberle. Na ce mata Harlan ya faɗi a garke, zuciya ce, likita ya ce a kira ɗansa yanzu. Ta ce, "Baiwar Allah, ajiye wayar, da ƙafata zan kai." Daga ofishin nan zuwa filinku minti nawa ne? Ni na taɓa takawa da takalmi mai tsini.

Harlan yana cikin hayyacinsa har biyar da rabi. Sau biyu yana tambaya. Na farko ya ce, "Yaron ya taso?" Na ce ya taso. Na biyu ya ce, "Ki gaya masa kada ya yi gudu a hanya." Ya cika shida saura minti ashirin. Kuka shigo shida da minti biyar. Na yi lissafin nan har na gaji: da matar nan ta cika maganarta, da Lonnie ya samu ubansa da rai, ko da na minti ashirin ne.

Ban san ko shayi ta tsaya sha ba, ko hira. Jiya na rubuta wa shugaban kwalejinku takarda shafi uku. Na ce macen da za ta riƙe irin wannan saƙo kusan awa guda ba ta cancanci zama kusa da waya ba. Kai ma ka je ka gaya masa, kai za su fi ji.

Verna

Kwalejin Brennick
9 ga Yuni, 1974

Yaya Verna,

Ina gaishe ki da Lonnie. Ba zan yi doguwar gaisuwa ba, don ban cancanci ki karanta ta ba.

Misis Oberle ba ta yi laifin komai ba. Shekararta hamsin da takwas, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu ta yo gudu. Biyu da minti ashirin ta iso, ana gama zagaye na shida. Ta miƙo mini takardar ta ramin wayar shinge, tana haki, ta ce, "Koci, babansa ne, ka ba shi yanzu." Na karanta. Na juya, ga Lonnie can ƙarshen benci shi kaɗai, tawul a kafaɗa, yara ashirin sun cure a ɗaya gefen ba mai ko tari. Na ninke takardar na sa a aljihun baya. Na ce mata, "Na ji. Zan gaya masa."

Na ce wa kaina mutum tara suka rage ya fitar a tashi wasa, minti talatin ne. Na ce Harlan ƙarfi gare shi kamar bijimi, zai jira. Na ce akwai mutumin da wata babbar ƙungiya ta aiko neman 'yan wasa yana zaune da littafinsa, wannan rana ce ta yaron. Na ce ko Harlan da kansa ba zai so a katse shi ba. Duk na faɗa wa kaina waɗannan, kuma wasu ma gaskiya ne. Amma ki bar ni in faɗi wadda ta fi su. Shekara goma sha shida ina jiran irin wannan wasa, ga shi ya zo, kuma ƙafafuna sun ƙi taka taku goman da ke tsakanina da shi. Ba a yi wa mai jifa magana. Tun ina ɗan shekara bakwai nake bin dokar nan, ranar da ya kamata in karya ta na kasa.

Da na rubuto miki cewa saƙon bai isa gare shi ba, na zaɓi kalmomin ne da gangan don ki fahimci abin da kika fahimta. Ban zaci za ki rubuta wa shugaba ba. Shekaranjiya ya kira ta ofis. Ba ta ambaci sunana ba, ta fito ta wuce ni a baranda ta ce, "Barka da rana, Koci." Na shiga na gaya masa komai.

A mota Lonnie bai tambaye ni yaushe saƙon ya zo ba, ni ma ban faɗa ba. Idan kin yarda, zan zo in gaya masa da bakina.

Del

Tolley
14 ga Yuni, 1974

Delbert,

Na rubuta wa Misis Oberle na nemi gafararta, na aika mata da kwalbar zuma. Ita ta cire takalmi domin ɗan da ba nata ba.

Kada ka zo. Kada ka gaya wa Lonnie komai. Ya rasa uba, ba zan ƙara masa da sanin cewa kawunsa ya sayar da minti ashirin ɗin ƙarshe na ubansa da ƙwallo ba. Ya riga ya ce ba zai koma kwaleji ba, gona zai riƙe. Ba ni na sa shi ba.

Ka riƙe ƙwallonka. Kada ka sake rubuto mini.

Verna Petsch

Kwalejin Brennick
6 ga Mayu, 1985

Yaya Verna,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, ke da Lonnie da iyalinsa. Na ji a bakin ɗan Inna Hilda cewa an yi miki aikin ido kuma an dace, na ji kuma Lonnie ya samu 'ya mace har ta shiga makaranta. Ni gwiwar dai ta ci ni, da sanda nake zuwa fili. Kin ce kada in rubuto, na bi maganarki shekara goma sha ɗaya, ban da katin Kirsimeti da ban san ko kina buɗewa ba. Ki yi haƙuri da wannan guda ɗaya.

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki. Shekara ashirin da bakwai. Sun ce na ci wasa ɗari shida da wani abu, ba ni na ƙirga ba. Za su sa wa filin sunana, an riga an ƙera allon, an ma yi kuskuren harafi ɗaya an mayar. Lokacin da na zo nan filin kiwon awaki ne, ni da yara muka tsince duwatsun da bokiti. Yaran da na horar sun zama malamai, da 'yan sanda, da fasto guda biyu, ɗaya kuma yana gidan yari, shi ya fi kowa rubuto mini. Kin taɓa cewa fili na aura, kuma ba ki yi ƙarya ba. Yanzu ga shi za a raba auren, ban san inda zan sa kaina da ƙarfe uku na rana ba.

Akwai abin da nake so ki sani. Tun daga waccan shekara, duk ranar da mai jifana ya shiga sa'a yara suka matsa suka bar shi, sai in tashi in je in zauna a jikinsa. In tambaye shi labarin gida, ko mamarsa ta warke, ko ya ci abinci. Yaran kamar su kashe ni. Wani mai suna Rusty ya taɓa cewa, "Koci, don girman Allah tashi, za ka karya mini sa'a!" Na ce, "Ta karye mana." Ta kuwa karye. Tun daga kan Lonnie ba a sake kai irin wasan ƙarshe a ƙungiyata ba, kuma duk garin nan sun san laifin wa ne. Ba na faɗa miki don ki ce na kyauta. Ba ya mayar da komai. Zaman da ya kamata in yi sau ɗaya ne, ban yi shi ba.

Lonnie bai taɓa nemana ba. A bikin 'yar Inna Hilda na hango shi, yana ganina ya fita ta ƙofar baya. Na ɗauka kin gaya masa daga baya, kuma yana da gaskiya.

Ina kwashe kayan ofis na ci karo da ƙwallon a ƙasan aljihun tebur. Kwaleji na so su sa shi a akwatin gilashi kusa da hotona. Na ce ba nawa ba ne. Ga shi nan a cikin ƙunshin nan. Idan ba ya so, ki jefa a rijiya.

Ƙanenki,
Del

Tolley
13 ga Mayu, 1985

Del,

Gaisuwa. Idon ya warke, har ina ganin ƙurar da surukata Darlene ke bari a saman kabad. Katunanka suna nan cikin gwangwanin biskit, na buɗe duka, rubutunka bai gyaru ba. Ka daina taurin kai ka bari a duba gwiwar nan.

Ba ni na karɓi ƙunshinka ba. Lonnie ne ya je akwatin wasiƙa. Na shigo daga wurin kaji na same shi a teburin girki, ƙwallon a hannunsa na hagu, wasiƙarka a buɗe a gabansa. Ban taɓa gaya masa komai ba, Del, ko kalma ɗaya. Na ce, "Wa ya ce ka buɗe mini wasiƙa? Ba ni nan."

Ya ce, "Mama, me Kawu yake tsammanin kin gaya mini?"

Na fara kame-kame, ni da ban iya ƙarya ba. Ya ce, "Zancen takardar Misis Oberle ne? Ai na sani."

Na ce, "Ka san me? Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ba wanda ya gaya mini. A kan idona aka yi. Matar da ba ta taɓa zuwa kallon wasa ba, ga ta a guje da takalmi a hannu. Ta ba Kawu takarda, ta kalle ni, ta rufe baki da hannu. Mama, ni ba yaro ba ne. Na san daga gida ne, na san kuma yadda Baba ke haki."

Na zauna. Na ce, "To me ya hana ka tashi ka tambaya?"

Ya daɗe yana juya ƙwallon. Ya ce, "Taku goma ne. Na ja hulata na rufe ido. Na ce mutum tara suka rage. Ina ta addu'a a raina kada Kawu ya taso." Sai ya kifa kai a kan tebur, ƙato ɗan shekara talatin, yana kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza.

Ba haushinka ya fitar da shi ta ƙofar baya a wurin biki ba. Yana tsammanin ka gan shi lokacin da ya ja hular. Shekara goma sha ɗaya yana ganin kai kaɗai ne a duniya ka san abin da ya yi, kuma kunya ba ta barin shi ya haɗa ido da kai. Shi ya sa bai koma kwaleji ba, shi ya sa ko dutse ba ya jifan kare da hannun nan.

Ni kuma fa? Ka nemi ka zo ka yi masa magana tun a watan farko, na hana. Na ce kariya nake ba shi. Da na bar ka ka zo, da ya faɗi wannan maganar yana ɗan shekara goma sha tara, da ya sauke ta tun tuni. Na yi shekaru ina zagin dokarku ta banza, ashe ni na fi ku duka riƙe ta. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Kada ka ɗauka na ce ya wuce. Minti ashirin ɗin nan na Harlan ne, kuma kai ne babba a wurin, takardar a aljihunka take. Ban san ko zan taɓa daina jin zafinsa ba. Amma na tsufa, kai ma ka tsufa, shi kuwa yana da sauran rayuwa a gaba.

Ba zan zo bikin allonka ba, ban iya tafa wa fili ba. Idan an gama, ka sa sandarka a mota ka taho. Ka tuna bencin da Harlan ya ƙera a baranda? Kullum da yamma bayan tatsa Lonnie yana zama a kai, can ƙarshe, mu kuma mukan ce a bar shi ya huta, har 'yarsa mun koya mata kada ta dame shi. Sai yau na lura da abin da muke yi.

Ka zo ka zauna kusa da shi, Del. Ka yi masa magana. An tashi wasan nan tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Yayarka,
Verna